Injiniya da Ɓarawon Wutar Batir

Shekara talatin da ɗaya da wata huɗu Injiniya ya yi a kamfanin wutar lantarki, kuma a duk tsawon wannan lokaci hannunsa bai taɓa kai wa ga waya mai wuta ba. Aikinsa karanta mita. Ya yi sallama, ya shiga, ya gyara tabarau, ya kwafi lamba, kare ya biyo shi, ya fita da sauri. Amma da ya yi ritaya sai labarin ya yi ƙiba. Duk wanda ya zauna kusa da shi na minti biyar sai ya ji yadda wuta ta taɓa kama shi, ya daka mata tsawa, ta ji kunya ta sake shi. Sunan Injiniya ma shi ya raɗa wa kansa. Unguwa ta karɓa, don ba kullum ake samun abin dariya kyauta ba.

Abu biyu yake taƙama da su a duniya. Na farko takardar shaida ce ta wani kwas na kwana uku da kamfani ya taɓa tura su, wadda ya sa aka yi mata gilashi da katako mai kauri a gefe. Na biyu Giwa, tsohuwar mota ruwan toka da ke kwana a rumfar ƙofar gida. In za a bi gaskiya Giwa ba tasa ba ce, matarsa ce ta gaje ta daga mahaifinta. Nasa dai makulli ne da tsumman goge gilashi.

Matar tela ce. Kekunan ɗinki biyu gare ta a falo, da teburin yanka, da ƙyallaye har kan kujeru, kuma ta daɗe tana kallon rumfar nan irin kallon da mai jin yunwa ke yi wa tukunya. Wata rana ta sauke takardar shaidar daga bango don ta rataya dogon madubi, mata masu gwada kaya su riƙa ganin kansu. Injiniya ya dawo ya tarar da iliminsa a jingine bayan ƙofa, kusa da tsintsiya.

"Gidan da ba a san darajar ilimi ba," in ji shi, "ilimi ba ya kwana a cikinsa."

Ya ɗauki takardar ya fita, ya cusa ta a aljihun mota, ɗan akwatin nan da ke gaban kujerar fasinja. Murfin ya ƙi rufuwa. Ya sa gwiwa ya danna, sai da ya ji ƙas sannan hankalinsa ya kwanta.

Ba a jima ba Giwa ta ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Da yamma a ajiye ta lafiya lau, da safe a murɗa makulli ta ce ƙyat, ta yi shiru. Sai turi. Masu turin kuwa mutum biyu ne: mai aski, wani siriri mai baki kamar askarsa, da mai shago, wanda tumbinsa ke riga shi isa ko'ina. Sati uku suna turawa. A sati na uku mai shago ya fara ɓuya bayan buhunan shinkafa da zarar ya ji ƙarar ƙofar Injiniya.

Ranar Litinin da safe matar ta tare shi a zaure, almakashi a hannu.

"Malam, ka kira Auta ya duba motar nan."

Auta ƙaninta ne, mai wayarin ɗin mota, shekararsa arba'in da biyar, da furfura a gemu. Amma a wurin Injiniya har gobe yaro ne.

"Wa? Yaron da na share wa majina ranar da na fara zuwa gidanku?"

"Majinar ta bushe, Malam. Ya buɗe gareji."

"Ni da na ba gari guda wuta, batir mai girman bulo zai gagare ni?"

"To shi ke nan. Ranar Asabar da safe ka murɗa makulli. In ta tashi da kanta, ba turi, rumfa taka ce, ba za ka ƙara jin bakina ba. In ba ta tashi ba, Auta ya ja ta ya tafi da ita, ni kuma in fitar da kekunana."

"Asabar ta yi nisa," in ji Injiniya. "Yau kafin la'asar zan kamo miki ɓarawon da kunnensa."

Ya san abin da ya taka, ko kuwa rabinsa. Ya taɓa leƙa garejin Auta ya ga yadda ake yi. A kashe komai na mota, a kwance waya ɗaya daga kan batir, a haɗa ɗan ƙwan fitila tsakanin wayar da kan batir. In ƙwan ya kama, to akwai abin da ke shan wuta a ɓoye. Daga nan sai a bi fis, 'yan ƙananan mahaɗan wutar mota, ɗaya bayan ɗaya ana cirewa ana mayarwa, har a kai ga wanda in an cire shi ƙwan zai mutu. Wannan rabi na biyun Injiniya ya raina. A ganinsa lalube ne, aikin makafi. Gwani duban ɓarawo yake yi a ido ya kira sunansa.

Bayan an tura Giwa ya zaga gari da ita batir ya ɗan ƙoshi, sai ya dawo ya ɗaga bonet, ya haɗa ƙwansa. Ƙwan ya kama jawur. Mai aski ya bar wani mutum da rabin kai ya taho, mai shago ya biyo shi, sai masu wucewa biyu-uku.

"Kun gani?" in ji Injiniya. "Ɓarawo yana ciki yana sha. Kuma na san shi. Fitilar rufi ce."

"Wa ya gaya maka?" in ji mai aski.

"Wa ya gaya mini? Kai, ka san da wa kake magana kuwa?"

Ya tuɓe hularsa ya kife a kan ƙwan, don aikin gwani ba a kallonsa sai ya nuna. Ya shiga mota, ya buɗe aljihu, ya zaro takardar shaida, ya maida murfin, ya miƙa wa mai aski ta taga.

"Riƙe ka karanta. Da hannu biyu."

Mai aski ya karanta a bayyane, yana jan kowace kalma. Kafin ya kai sa hannun shugaban kwas, Injiniya ya sa sukudireba ya ɓalle fitilar rufi, ya fito da ita tana reto a wayarta kamar ɓeran da aka kama da wutsiya. Ya zagayo gaban mota, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga hula.

Ƙwan ya mutu.

"Kai!" in ji mai shago, har da tafi, don bayansa ya ji daɗin labarin.

"Kwana uku kacal, ka ga abin da suka koya wa mutum," in ji mai aski. "Da sun riƙe ka sati ai da ka gyara rana."

Injiniya ya karɓi takardarsa, ya goge wurin da yatsun mai aski suka taɓa, ya maida ta aljihun mota, ya sa gwiwa. Ƙas. Ya shiga gida ya ajiye fitilar a kan teburin yanka.

"Ga ɓarawonki."

Matar ta dube ta, ta ture ta gefe da bayan almakashi, ta ci gaba da yanka.

Talata da safe ya murɗa makulli. Ƙyat.

"Ashe da abokin sata," in ji shi. "Ɓarawo ba ya tafiya shi kaɗai."

Aka tura. Da yamma aka sake taruwa, mutane sun fi na jiya. Ƙwan ya kama, Injiniya ya kife hula, ya ce rediyo ce. Wani baƙo da bai halarci zaman jiya ba ya ce shi bai taɓa jin rediyo a kashe tana shan wuta ba. Nan take aka zaro masa takarda ta taga. Injiniya ya yi kokawa da rediyon har minti arba'in, ya fito da ita tare da wani yanki na gaban motar da bai yi niyya ba. Aka ɗaga hula, ƙwan ya mutu. Takarda ta koma mazauninta. Ƙas.

Laraba, ƙyat.

Ran nan hon aka kama. Injiniya ya bayyana cewa hon, saboda ya saba ihu, ko an kashe mota yana nan yana gunaguni a ciki, gunagunin nan ne ke cin wuta. Hula, takarda, filaya, hula. Ƙwan ya mutu. Daga ranar, in ya fita zagayen cika batir, kansa yake leƙowa ta taga yana ihu, "Hanya! Hanya, bayin Allah!" Wata tsohuwa mai ɗauke da tulu ta tsaya a tsakiyar titi ta tambaye shi ko gobara ake yi.

Alhamis da safe da ya ji ƙyat, bai fito daga motar da wuri ba. Ya zauna riƙe da sitiyari yana kallon bangon rumfa. Ta tagar falo yana jiyo keken matarsa, kuma ya lura tun jiya ta fara auna rumfar da tef, tana rubutawa a bayan hannunta. Can sai idonsa ya faɗa kan shagon aski, wanda bango ɗaya ya raba shi da rumfar. Ya fito a fusace.

"Kai mai aski! Ina wayar?"

"Wace waya?"

"Wadda ka binne ta ƙarƙashin ƙasa kana zuƙe mini batir kana aski da shi!"

Mai aski ya ɗaga askarsa da fatar wasa ta.

"Injiniya, wannan tun ta kakana ce. Nuna mini inda ake sa mata waya, in ba ka ita kyauta."

"Ƙarƙashin ƙasa," in ji Injiniya a hankali, yana maimaita maganar kansa. Fuskarsa ta washe. "Ƙasa! Ai shi ne! Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, ba kai ba ne. Ƙasa ce ke tsotsa ta tayoyi. Mu a kamfani abin da muka fi tsoro ke nan."

"Tayar ba roba ba ce?" in ji mai shago.

"Tsohuwar roba ce, ta gaji. Sai an ƙara mata sabuwa. Kawo silifas ɗinka."

"Nawa?"

"Na kowa."

Da yamma aka tara silifas ƙafa takwas: na mai shago, na mai aski, na matar gida da ta bari a bakin ƙofar wanka, da na wani almajirin tela da ya zo karɓar zare bai san hawa ba bai san sauka ba. Aka jera biyu-biyu a bayan kowace taya. Sai turi: gaba kaɗan, baya kaɗan, ya wuce, dawo, tsaya, na ce tsaya! Ƙasar rumfa ta ɗau zafi, mai shago yana turi yana ɗaga ƙafa kamar zakara a kan kwano. Sau goma sha ɗaya aka yi kafin tayoyi huɗu su hau. Mai aski ya tambaya ko a kwas ɗin ne aka koyar da wannan, ko a wane shafi. Aka miƙo masa takarda ta taga ya duba da kansa. Aka ɗaga hula.

Ƙwan ya mutu.

"Ƙasa ta sha kunya," in ji Injiniya. Ƙas.

Juma'a, ƙyat. Mai shago ya zo karɓar takalminsa, aka ture motar aka ciro shi, ya zama faifai. Ya sa ƙafa, ƙafar ta fito ta gaba.

Yanzu saura kwana ɗaya. Injiniya ya ce lallashi ya ƙare, yau gidan ɓarayin zai rushe gaba ɗaya. Ya kwance kujerar baya ya fitar ya jingine da bango, don ya bi wayoyin da ke ƙarƙashinta. Duk wayar da bai yarda da fuskarta ba ya yanke ya leƙa cikinta. Sannan ya tuna da fis. Tun da yaron nan ɗaya-ɗaya yake cire su, shi gwani zai cire duka a tashi ɗaya, ya huta. Ya ciro su ashirin da huɗu, ja da shuɗi da rawaya, ya jera su a kan benci layi-layi daidai yadda suke a gidansu, don mutum ne mai tsari. Ya shiga gida shan ruwa.

Da ya fito ya tarar da mai aski da mai shago sun hau bencin sun sa shi a tsakiya, kowa ya sunkuya.

"Na ci wannan," in ji mai aski, ya ɗauke wani shuɗi ya jefa a aljihu.

"Me kuke yi?"

"Dara. Wa ya jera ya tafi ya bari? Ni ne ja, shi ne shuɗi."

"Rawayan fa?" in ji Injiniya.

"Su ne na caca."

Ya ƙwato abin da ya ƙwato. Ashirin da biyu suka dawo, biyu suka bi ta hudar aljihun mai aski ba a sake ganinsu ba. Ya tsaya gaban gidan fis yana duban ramuka, ramuka suna dubansa. Daga bisani ya yanke shawara cewa jinsi jinsinsa yake bi: ja kusa da ja, shuɗi kusa da shuɗi. Ramuka biyun da suka rage ya cusa musu takardar azurfa ta kwalin sigari. Wayoyin da ya yanke kuwa, da ya zo haɗawa sai ya ga tsufa ya mai da su duk kala ɗaya, kalar ƙura. Ya haɗa kowace da wadda ta fi kusa da ita, ya naɗe da baƙin salatif, ya ce maƙwabci ai ba ya ƙin maƙwabci.

Aka haɗa ƙwai, ya kama. Hula. Wannan karon ba wanda ya ma yi gardama, amma hannu ya saba, sai ga takarda ta fito ta taga, mai shago ya karɓa ya yi fifita da ita. Injiniya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ja wata waya ta ƙarshe. Ya ɗaga hula. Ƙwan ya mutu mutuwar da ba ta da shakka.

"Ba za ka tada ta mu ji ba?" in ji mai aski.

"In ɓarnatar da wutar gobe? Gobe da ƙarfe takwas kowa ya zo. Ku gaya wa na nesa. A kawo benci."

Ya maida takarda, ya sa gwiwa. Ƙas.

Asabar ta waye da jama'a. Benci uku suka cika, wasu suka hau katanga, matan da suka kawo ɗinki suka tsaya a bakin zaure da ƙullin yadinsu. Injiniya ya fito cikin babbar rigarsa ta zuwa karɓar fansho, ya sha guga har tana ƙara. Matarsa ta fito ta tsaya, tef a wuya. Can sai ga Auta a tsohuwar motar garejinsa, ya sauko da igiyar ja a kafaɗa da batir a hannu.

"Ina kwana, Yaya Injiniya."

"Lafiya lau. Igiyar ta shanya ce? Ka kai wa yayarka, tana da wanki."

Ya yi jawabi na minti goma sha biyu a kan wuta, halinta da makircinta, da yadda ta san mutanenta. Ya shiga mota, ya gyara madubi, ya gyara hula, ya ɗaga makulli sama kowa ya gani. Ya zura. Ya murɗa.

Ƙyat.

Ya sake murɗawa. Wannan karon ko ƙyat ɗin ba ta samu ba.

"Kunyar taro take ji," in ji shi ta taga. "Ku ɗan ja baya."

Ba wanda ya ja. Auta ya dubi yayarsa, ta gyaɗa kai. Ya ɗaga bonet, ya sauke mataccen batir, ya ɗora nasa, ya ɗauki ƙwan gwajin Injiniya ya haɗa. Ƙwan ya kama. Shi bai kife masa komai ba, don hularsa tana kansa kuma can ya ga ya dace ta zauna.

"Akwai mai sha," in ji Auta. "Bari in bi fis."

"Dakata!" Injiniya ya fito da kai. "Da wace takarda kake taɓa motar nan? Kai, jama'a, ku tambaye shi, wa ya taɓa ba shi ko da rasit? Bari ku ga bambancin ilimi da shafa baƙin mai!"

Ya buɗe aljihun mota, ya fizgo takardar, ya buga murfin, ya fito ya ɗaga ta sama da hannu biyu yana juyawa dama da hagu. Sai ya ga ba mai kallonsa. Duk idanu suna gaban mota.

Ƙwan ya mutu.

"Yaya Injiniya," in ji Auta a hankali, "me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba."

"To don Allah maida takardar inda ka ɗauko ta."

"Don me?"

"Maida dai, Malam," in ji matarsa.

Ya koma ya cusa, ya sa gwiwa. Ƙas.

"Ya kama!" jama'a suka ce baki ɗaya.

"Fito da ita, ka rufe."

"Ya mutu!"

"Maida."

"Ya kama!"

Na kan katanga suka fara ba da amshi da tafi. Mai aski ya roƙi a ƙara sau ɗaya saboda wani da ya zo a makare. Auta ya zagayo, ya buɗe aljihun, ya nuna wata 'yar fitila mai girman ƙwayar gyaɗa a can ciki, da wani ɗan maɓalli a bakin murfin.

"In murfi ya rufu daidai, yana danne wannan, fitila ta mutu. Katakon nan ya tokare gefe ɗaya. Murfi ya kama, amma bai kai ga maɓalli ba. Sati huɗu fitilar nan tana ci dare da rana."

Matar ta karɓi takardar ta juya bayanta. Ga wata baƙar da'ira a jikin kwalin, kamar an ɗora kwabo mai zafi.

"Allah sarki," in ji mai aski. "Ita kaɗai a cikin duhu, tana ta karatun takardar Injiniya. Ko ni da na karanta sau biyar na ji jiri."

"Takalmina," in ji mai shago, ba da kowa yake ba. "Takalmina sabo."

Injiniya ya yi gyaran murya. Ya gyara wuyan riga.

"To, ai magana ta fito. Wa ya ciro ɓarawon? Da hannun wa aka kama shi? Ni na ce yau zan kama shi a gaban jama'a, ga shi na kama. Yaron nan riƙe fitila kawai ya yi."

Matar ta dube shi. Shekara talatin da shida ke nan tana dubansa, ta san inda rigar ta yage ta ciki.

"Gaskiyarka, Malam," ta ce. "An kama ɓarawo. Ga batir mai rai a ciki, ga aljihu a rufe. Ban ce batirin wa ba, cewa na yi ta tashi da kanta. Auta, ɗaure masa waya. Malam, murɗa."

Auta ya cire ƙwan ya ɗaure wayar. Injiniya ya zauna, ya yi bisimilla a ɓoye, ya murɗa.

Waifa masu share gilashi suka tashi da gudu kamar masu korar ƙuda. Ruwan wanke gilashi ya fita ta gefe ya sami mai aski a kunne. Fitilun gaba suka shiga ƙifta ido, ɗaya bayan ɗaya. Fankar ciki, wadda rabonta da juyi tun mahaifin matar yana raye, ta farka ta feso ƙura da busassun ganye da gawar ƙadangare a kan babbar riga. Injiniya ya taka birki don ya tsai da abin, sai fitilar juyawa ta hagu ta kama. Daga ƙarƙashin sitiyari aka ji tas, tas, wani siririn hayaƙi mai warin kwalin sigari ya taso. Komai na motar ya yi motsi, ban da inji.

Auta ya zare kan batir da sauri. Ya leƙa gidan fis, ya leƙa inda kujerar baya take da, ya daɗe bai ɗago ba.

"Yaya," ya ce da 'yar'uwarsa, "da jiya da safe aka kira ni, aikin minti biyu ne. Yanzu kam sai dai ku ba ni wata guda, in kuma na gama a rubuta mini takarda a sa a gilashi."

Aka ɗaura igiya. Injiniya ya nemi alfarma ɗaya, a bar shi ya riƙe sitiyari har bakin titi, aka bar shi. Mai aski da mai shago suka sa hannu a bayan Giwa ba tare da an roƙe su ba, suka yi turin da ba su taɓa yi da zuciya ɗaya irinsa ba. A bakin titi ya sauko, ya ba Auta makulli, ya tsaya har motar ta sha kwana. Tsumman goge gilashi yana aljihunsa, bai tuna ya bayar ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Kafin azahar kekuna biyu sun fito rumfa. Teburin yanka ya zauna daidai kan tabon baƙin man da Giwa ta yi shekaru tana ɗigarwa. Kujerar baya kuwa Auta ya manta da ita a jingine, da ya aiko a ɗauka matar ta ce a bar ta. Ta sa aka gyara mata zama a bakin rumfa, ta buga ƙusa a sama da ita, ta rataya takardar shaidar da hannunta.

Nan Injiniya yake zama yanzu, daga hantsi zuwa la'asar, gwiwar hannu a kan abin jingina kamar mai jiran direba. In mai kawo ɗinki ta tsaya jiran a gama mata kalmasa, yakan nuna sama da yatsa.

"Kin ga takardar nan, 'yata? Batir guda take shanyewa kafin gari ya waye. A rufe ke nan, cikin gilashi. To ki auna wanda ya haddace ta."

Rannan yana cikin wannan bayani sai ƙwan rumfar ya fara ƙifta ido. Injiniya ya dube shi, ya tattare hannun riga, ya dafa gwiwa zai miƙe.

"Zauna!" in ji matarsa, da mai aski ta bayan bango, da mai shago daga tsallaken titi.

Ya zauna.